Yadda ake auna risiba da tayit-en kafin zaɓen NFL

"Malam, ban daɗe da fara bin ƙwallon Amurka ba, kuma bana na zauna na kalli zaɓen sabbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararrun wasan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, za ka ga yaro ya fi kowa gudu ko ya fi kowa tara yadi a jami'a, amma sai a tsallake shi har zagaye na uku ko na huɗu, a ɗauki wani da bai kai shi alƙaluma ba. Na tayit-en kuwa ya fi rikita ni. Me masu zaɓen suke dubawa? Ni da nake kallo daga gida, ta yaya zan gane wanda zai yi abin kirki?"

Ɗan'uwa, tambaya biyu ka dunƙule. Ta farko, me ya sa gudu da alƙaluman jami'a ba sa isa su nuna risiban da zai yi fice, wato mai cafke jifar kwatabak, jagoran harin da ke jefa ƙwallo. Ta biyu, me ya sa tayit-en, wanda rabinsa mai cafka ne rabinsa mai tare abokan gaba, ya fi wuyar hasashe. Kafin na shiga, ka fara sanin abin da ake saye, don ciniki ƙungiyoyin nan suka je yi.

Ƙungiyoyi 32 ne, zagaye bakwai, kuma wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka. Yaro ba ya shiga zaɓen sai ya yi shekara uku da gama sakandare, shi ya sa kusan dukansu daga ƙwallon jami'o'i suke fitowa. Tun 2011 aka ƙayyade albashin sabon ɗan wasa gwargwadon lambar da aka ɗauke shi, a kwantiragin shekara huɗu. Ka gwada wannan da kuɗin risiban da ya riga ya yi suna: a 2024 Justin Jefferson ya sa hannu kan dala miliyan 140 na shekara huɗu. Ƙungiyar da ta dace da irinsa a zaɓe za ta ci moriyarsa shekaru da araha, ta kashe ragowar kuɗin a wasu guraben. Shi ya sa ake rububin risibobi a zagaye na farko, kuma shi ya sa kuskure a nan yake cin kujerar manajoji.

Wasan jami'a daban, na NFL daban

Akwai layuka biyu a tsakiyar fili da ake ajiye ƙwallo a kansu ko tsakaninsu kafin a fara kowane wasa, wato kowane yunƙurin kai hari. A jami'a tsakaninsu ƙafa 40 ne, a NFL ƙafa 18 da rabi. Idan aka ajiye ƙwallo a layin hagu a jami'a, gefen dama ya zama fili fetal, risiba yana da wurin da zai yi ta sintiri babu mai takura masa. A NFL kullum ƙwallon tana kusa da tsakiya, wannan garaɓasar babu ita. Haka kuma a bakin layi, a jami'a ƙafa ɗaya ta isa ta taɓa cikin fili a ce ka cafke, a NFL sai biyu.

Babban bambancin dai mutanen da ke gadinsa ne. Yawancin masu tsaron baya da yaro yake haɗuwa da su a jami'a ba za su taɓa buga wasan kuɗi ba. Tsoron gudunsa suke yi, sai su ja baya su ba shi yadi bakwai ko takwas kyauta. Koci mai wayo kuma yakan tsara masa gajeruwar jifa a bayan layi, a tare masa hanya, ya ruga. Yadin da aka tara ta haka suna shiga takardarsa, amma rabinsu na kocin ne. A NFL mai gadinsa zai tsaya gab da hancinsa, ya kai shi gudu ko ya fi shi, hannuwansa dogaye, ya kuma kwana yana kallon bidiyonsa. Tambayar da nake yi wa kowane risiba ke nan: idan babu wanda ya tsara masa mafita, zai iya rabuwa da mai gadinsa da kansa?

Abin da nake kallo a bidiyo

Hoton talabijin ƙwallo yake bi, don haka da zarar an fara wasa risiba yakan fice daga allo. Bidiyon da ake aiki da shi shi ne wanda aka ɗauka daga sama yana nuna duka 'yan wasa 22. Ni kuma na fi ba da ƙarfi ga wasannin da ba a jefa masa ƙwallo ba, domin a nan ake ganin ko yana buɗewa, ko kuwa kwatabak ɗinsa ne bai gan shi ba.

Bari na nuna maka wasa ɗaya yadda nake bin sa. Risiba yana gefen fili, mai gadi ya matso ya tsaya yadi ɗaya a gabansa. Umarnin da aka ba shi, ya yi gudu yadi goma sha biyu ya karya ciki. Na fara da taku uku na farko. Wanda bai ƙware ba zai miƙe tsaye, ya buɗe ƙirjinsa, mai gadi ya dunguri ƙirjin da hannu biyu, lokacin wasan ya riga ya lalace. Gwani zai taka ƙafarsa ta waje da ƙarfi kamar can zai bi, har mai gadi ya juya ƙugunsa, sai ya buge hannun da aka miƙo masa, ya sulale ta ciki kafaɗarsa a sunkuye. Daga nan sai gudun kansa: shin yana sa mai gadi ya yarda cewa doguwar jifa za a yi? Idanunsa da kafaɗunsa su nuna can gaba har zuwa yadi na goma sha ɗaya. Sai karyawar. A nan nakan tsayar da bidiyon na ƙirga taku. Wanda ƙugunsa ke da laushi yakan sauke jikinsa, taku biyu ko uku ya juya. Mai tauri sai ya yi ta ƙananan taku biyar ko shida, yana ɗaga kai, ko ya yi kwana mai faɗi, mai gadi ya samu damar shiga gabansa. Tazarar da ake nema ba ta wuce yadi ɗaya ba, a daidai lokacin da ƙwallon ta iso.

Idan kuma masu tsaro ba mutum suke bi ba, yanki kowa ya kama, sai na duba ko ya san inda zai tsaya. Akwai mai gudu da zai wuce gurbin da ya buɗe ya kai kansa hannun wani mai gadin. Akwai kuma wanda zai rage gudu a tsakanin mutum biyu, ya juyo ya nuna wa kwatabak lambar rigarsa. Wannan na biyun ko gudunsa bai kai ba zai daɗe yana cin abinci a NFL.

Hannu yana zuwa bayan wannan. Ina son wanda ke miƙa hannu ya kamo ƙwallo nesa da jikinsa, ba wanda ke jira ta faɗo ƙirjinsa ya rungume ba. Amma ba kowane ɓarin ƙwallo ke tayar mini da hankali ba. Wanda ya ɓarar don ya ɗauke ido zai ruga, ana gyara shi. Ja'Marr Chase ya yi ta ɓarin ƙwallo a wasannin share fage na 2021 har aka fara surutu, sai ga shi ya gama kakar da yadi 1,455. Wanda ke ɓararwa don ya hango mai dukansa yana tafe, wannan nasa ya fi wuyar magani.

Akwai wani tarko da nake so ka kiyaye. Gajerun bidiyoyin da ake yaɗawa a YouTube cike suke da yaro ya yi tsalle ya ƙwace ƙwallo a kan mai gadinsa. Abin yana da daɗin kallo. Sai dai ka tambayi kanka me ya sa kullum mai gadin yana manne da shi. Idan yawancin cafkarsa ta ƙwace ce a gaban yaran jami'a, alama ce ba ya iya rabuwa da su. New England Patriots sun ɗauki N'Keal Harry a lamba ta 32 a 2019, wanda aka fi yabo da irin wannan cafka, bai kuwa yi tasiri ba. A bayansa aka ɗauki Deebo Samuel, A.J. Brown, DK Metcalf da Terry McLaurin, waɗanda duk suka yi fice.

Gudun yadi 40

Kowace shekara wajen ƙarshen Fabrairu ana tara yaran a Indianapolis a taron gwaji na Combine, a auna tsayi, nauyi, tsalle da gudu. Gudun yadi 40, kusan mita 37, shi ke cika kafafen labarai. Zaɓen 2017 ya ishe mu darasi. John Ross ya yi shi a daƙiƙa 4.22, tarihin da ba a karya ba sai 2024 da Xavier Worthy ya yi 4.21. Cincinnati Bengals suka ɗauke shi a lamba ta 9. Yana da tarihin raunin gwiwa tun jami'a, raunukan suka ci gaba da binsa, shekararsa ta farko ko cafka ɗaya bai yi ba, kuma duk zamansa a NFL bai tara yadi 1,000 ba. A wannan zaɓen dai Cooper Kupp na Eastern Washington ya yi 4.62, aka bar shi har lamba ta 69. A 2021 ya cafke jifa 145, yadi 1,947, tacdawun 16 (wato kai ƙwallo bayan layin ci), kuma shi aka zaɓa gwarzon Super Bowl, wasan ƙarshe na kakar.

Ba ina cewa gudu ba shi da amfani ba. Mai gudun gaske yana tilasta wa masu tsaro su ja baya, abokan wasansa su samu fili. Abin lura shi ne ana yin gwajin ne da gajeren wando, a miƙe, babu hular kwano, babu mai tare hanya, bayan an yi makonni ana koyon tashi irin na 'yan tsere. Ni ina amfani da shi ne don tabbatar da abin da na gani. In na ga yaro yana wuce mutane a bidiyo kuma ya yi 4.4, magana ta daidaita. In ya yi 4.3 amma ban taɓa ganin ya bar kowa a baya ba, sai na koma bidiyon na nemi dalili. Akwai wani gwajin da ba a cika maganarsa ba, na zagaye alamomi uku, wanda ke auna saurin juyi. Kupp ya yi shi a 6.75, lokaci mai kyau ƙwarai, kuma ya dace da yadda yake karya hanya. DK Metcalf ya yi 7.38, mummunan lokaci, alhali ya yi yadi 40 a 4.33 da jiki irin na ƙato. An tsorata, aka bar shi har lamba ta 64. Seattle suka ba shi hanyoyin da ba sa bukatar juyi da yawa, dogayen gudu da karyawa sau ɗaya, ya kuwa yi fice. Kowane gwaji yana faɗa maka irin aikin da za ka ba mutum ne.

Alƙaluman jami'a ma ina duba su, amma ba jimillar ba. Ina duba kason da ya ci daga duka jifar ƙungiyarsa, domin yadi 900 a ƙungiyar da ba ta cika jifa ba na iya fin 1,300 a wadda jifa ce abincinta. Ina duba shekarunsa lokacin da ya fara fice. Ɗan shekara 19 da ke wahalar da 'yan 22 ya fi burge ni a kan ɗan 23 da ke cin zalin ƙannensa. Chase yana da 19 a kakar 2019 da ya tara yadi 1,780 da tacdawun 20 a jami'ar LSU. Sai kuma su wa ya yi wa. Shakkar da aka yi wa Kupp ita ce ƙaramar makaranta ya fito, amma da suka kara da Oregon a 2015 ya haura yadi 200, kuma a atisayen Senior Bowl, wasan zaɓaɓɓun 'yan jami'a, da ake yi a Mobile ta jihar Alabama ya yi ta kuɓuce wa yaran manyan jami'o'i.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar abin da ba a sa yaro ya yi ba a matsayin abin da ba zai iya ba. A 2019 Jefferson ya cafke jifa 111 a LSU, yawancinsu yana tsaye daga ciki, kusa da layin gaba, inda mai gadi ba ya cika dungurar mutum. Sai aka ce ɗan ciki ne kawai. An ɗauki risibobi huɗu kafin shi a 2020, na ƙarshensu Jalen Reagor a lamba ta 21, Minnesota suka ɗauke shi a ta 22. Wanda ya koma bidiyon 2018 zai ga ya buga daga waje kuma ya iya. Shekararsa ta farko ya yi yadi 1,400.

Tayit-en

A nan gizo ke saƙar. Mutum ne mai tsayin kusan mita 1.95 da nauyin kilo 110 zuwa sama, ana so a wannan wasan ya tare ƙaton da ya fi shi da kilo goma ko ashirin, a wasa na gaba ya ruga ya kuɓuce wa wanda ya fi shi sauri. Darasi biyu yake koya, na masu tare gaba da na risibobi, shi ya sa yawancinsu sai shekara ta biyu ko ta uku suke kankama. Mike Ditka ya yi yadi 1,076 a shekararsa ta farko a 1961, kuma babu sabon tayit-en da ya wuce wannan sai Brock Bowers a 2024 da 1,194.

Abu na farko da nake tantancewa shi ne wane iri ne. Akwai wanda ke manne da layin gaba, hannunsa a ƙasa, tarewa ce rabin aikinsa. Akwai kuma wanda a gaskiya babban risiba ne, ana matsar da shi gefe ko ciki don ya faɗa hannun lainbaka, mai tsaron tsakiya, da ba zai iya binsa ba. Darajar na farkon, in har yana cafka, ita ce masu tsaro ba sa sanin gudu za a yi ko jifa idan yana fili. Na biyun kuwa, in ba ya iya tare kowa, da ya shigo an san jifa ce, sai a sa masa ƙaramin mai gadi mai sauri. To a nan dole na auna shi da ma'aunin risiba, in bai kai ba, ba shi da gurbi.

A wajen tarewa ba ƙarfi nake fara nema ba, don ɗakin motsa jiki na NFL zai ƙara masa. Niyya nake nema. Wanda ya saba kallon kokawa ya san mai rinjaye shi ne wanda ya fi sunkuyawa ya shiga ƙarƙashin abokin karawarsa, haka abin yake a nan: gwiwa a lanƙwashe, hannu biyu a cikin ƙirjin mutum ba a kafaɗunsa ba, ƙafafu suna ci gaba da tafiya bayan an yi karo. Wanda ke sunkuyar da kai ya rufe ido ya kai karo, za a kauce masa ya faɗi. Wanda ke taɓa mutum ya saki yana waige, ba ya son aikin, kuma ban cika ganin an koya wa mutum son sa ba.

Alƙaluman jami'a sun fi yaudara a wannan gurbi. George Kittle jifa 48 kacal ya cafke duk zamansa a Iowa, domin ƙungiya ce mai son gudu da ƙwallo, tarewa aka fi sa shi. Amma ya yi yadi 40 a 4.52 da nauyin kusan kilo 112, kuma a bidiyo yana tura mutane har sai an busa. An ɗauki O.J. Howard, Evan Engram da David Njoku a zagaye na farko a 2017, shi sai lamba ta 146. A 2018 ya kafa tarihin tayit-en da yadi 1,377. Saboda irin wannan, a ra'ayina gwajin jiki ya fi nauyi a kan tayit-en fiye da risiba, tunda sau da yawa shi ne kaɗai shaidar abin da ba a taɓa ba shi dama ya nuna ba. Ina kuma ɗaga kunne in na ji ya buga ƙwallon kwando. Tony Gonzalez da Jimmy Graham sun buga a jami'a, Antonio Gates ma kwandon kaɗai ya buga a Kent State, ba a zaɓe shi ba a 2003, ya gama da tacdawun 116. Sun iya sa jikinsu tsakanin mai gadi da ƙwallo, abin da ake bukata a kusa da layin ci inda fili ya ƙure.

Game da farashi, ni ba na goyon bayan kashe lamba ta saman zaɓe a kan tayit-en sai da dalili mai ƙarfi. Rob Gronkowski lamba ta 42 ne, Travis Kelce ta 63. Baltimore sun ɗauki Hayden Hurst a ta 25 a 2018, suka ƙara da Mark Andrews a ta 86, na biyun ne ya zama tauraro, na farkon aka sayar da shi bayan shekara biyu. Kyle Pitts, wanda Atlanta suka ɗauka a ta 4 a 2021, matsayi mafi sama da aka taɓa ɗaukar tayit-en, ya fara da yadi 1,026, sannan raunin gwiwa da sauye-sauyen kwatabak suka rage masa kaifi na shekaru. Bowers ya nuna akwai wanda ya cancanci zagaye na farko, amma irinsa ba kowace shekara ba.

Inda idona ba ya kaiwa

Duk abin da na faɗa daga bidiyo da alƙaluman da kowa ke iya samu ne. Ƙungiyoyi suna da abin da mu ba mu da shi: likitocinsu suna duba gwiwa da baya, suna zama da yaro su sa shi ya zana wasa a allo, suna tambayar kocinsa da ma'aikatan makarantarsa halinsa. Sau da yawa idan ka ga gwani yana ta zamewa ƙasa a ranar zaɓe, a nan dalilin yake. Gronkowski bai buga kakar 2009 ba saboda tiyatar baya, Kelce kuma an dakatar da shi shekara guda a jami'ar Cincinnati. Haka nan a bidiyo ba na jin umarnin da aka ba yaro, wani lokaci abin da ya yi kama da kuskurensa na kwatabak ne.

Sannan inda ya faɗa yana da rabonsa. An ɗauki Puka Nacua a lamba ta 177 a 2023 bayan raunuka a jami'a. Ya samu koci Sean McVay da kwatabak Matthew Stafford, kuma abokin wasansa Kupp yana jinya a wasanni huɗu na farko, sai jifa ta koma kansa. Ya gama da cafka 105 da yadi 1,486, duka tarihi ne ga sabon ɗan wasa a lokacin. Da wata ƙungiyar ya je mai kwatabak mara gani, da wataƙila har yanzu muna jiran sa.

Kai da kake gida, ka zaɓi yaro ɗaya ko biyu kafin Afrilu, watan da ake zaɓen. Kada ka fara da bidiyon bajintarsa. Nemi cikakken wasansa da ƙungiya mafi ƙarfi da ya haɗu da ita, da kuma wasan da alƙalumansa suka fi muni. Ka zuba masa ido shi kaɗai, ka bar ƙwallo. A kowane wasa ka rubuta ko an matso masa ko an ba shi fili, taku nawa ya yi kafin ya juya, da tazarar da ke tsakaninsa da mai gadi lokacin da kwatabak ya saki ƙwallo. In tayit-en ne, ka ƙara da abin da ya yi a wasannin gudu, musamman waɗanda ƙwallon ta bi ɗaya gefen. Sai ka gama wannan, ka rubuta hukuncinka, sannan ka je ka duba sakamakon Combine.